Yadda ake canza sarƙar taimin a injin Toyota 22R a gida

Injin 22R na Toyota, mai silinda huɗu da girman cc 2,366, shi ne a cikin tsofaffin Hilux da yawa, da wasu Coaster da ƙananan Land Cruiser. An fara ƙera shi a 1981, ɗan'uwansa mai injekta kuma shi ake kira 22R-E. Inji ne mai jure wahala, amma yana da lago guda ɗaya, wato sarƙar taimin da robobin da take bi a kai. Na farkon suna da sarƙa mai layi biyu. Daga wajen 1983 aka koma sarƙa mai layi ɗaya da damfa ta roba (damfa ita ce madogarar da sarƙar ke bi a kai), daga nan matsalar ta samo asali.

Sarƙar ce ke haɗa karanshaf da kamshaf, ta sa bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. In ka tsaya a gaban mota kana fuskantar inji, yana juyawa ne irin juyin agogo. Gefen damanka, wato ɓangaren direba a mota mai sitiyari a hagu, nan sarƙar ke a miƙe tana ja, kuma nan doguwar damfa miƙaƙƙiya take. Gefen hagunka akwai lanƙwasasshiyar damfa da tenshina mai matse sarƙa, wadda wasu makanikai ke ce wa ajasta. Tenshinar tana aiki da sifirin da kuma ƙarfin baƙin mai. Da safe, kafin mai ya hau, sarƙar da ta miƙe takan yi sako-sako ta riƙa dukan damfar ɓangaren direba. Wata rana robar ta karye, gutsattsarinta su zuba cikin kaskon mai, sarƙa kuma ta koma gogar murfin taimin na alminiyam. Bayan wannan bangon akwai hanyar ruwan lagireto. Da ta huda shi, ruwa ya gauraya da baƙin mai, ka zaro ma'aunin mai ka gan shi kamar shayi da madara. Mutane da yawa a nan suke ɗora laifin a kan gasket ɗin top, wato kan injin da ke rufe silinda, su canza shi, ruwa ya ci gaba da shiga.

Alamar farko ƙara ce ta kacau-kacau daga gaban inji na daƙiƙa biyu ko uku da zarar an tayar da shi da sanyi. In ƙarar ta fara zama ko da inji ya yi zafi, aiki ya zo. Tabbatarwa ba ta da wuya: cire murfin bawul, haska tocila ta ramin da sarƙar ke sauka, ka duba gefen direba. In ba ka ga damfa ba, ko ka ga layuka biyu masu ƙyalli a jikin murfi, ajiye motar. Sarƙar da ta tsinke ko ta tsallake haƙora tana iya sa fistin ya bugi bawul ya lanƙwasa su.

Kayan da za a tanada

Kada a sayi sarƙa ita kaɗai. Cikakken saiti ake saya: sarƙa, giyar karanshaf, giyar kamshaf, tenshina, damfa biyu, gasket biyu na murfin taimin, da sil na gaban karanshaf. A ƙara da zoben roba na famfon mai, gasket na famfon ruwa, gasket na murfin bawul tare da robobin nan biyu masu siffar rabin wata, gam na inji mai jure mai, filtar mai, baƙin mai lita biyar (injin yana shan huɗu da 'yan kai), da ruwan lagireto. In an samu damfar ɓangaren direba mai bayan ƙarfe, ita ta fi, domin ko robar ta cinye ƙarfen zai tare sarƙa daga murfi. Saitin OSK na Japan yana da suna a wannan injin.

Akwai tarko wurin saye. Injinan 1985 zuwa sama gangar jikinsu ta fi ta na baya gajarta, don haka sarƙarsu gaɓa 96 ce, ta na baya kuma 98, murfin taimin ma ba ɗaya ba ne. Tsofaffin motocin nan galibi an taɓa canza musu inji, saboda haka shekarar da ke takardar mota ba hujja ba ce. Fara kwance aikin, ka ɗauki tsohuwar sarƙa da giyoyinta ka tafi da su Ƙofar Ruwa ko Panteka ko duk inda kake sayen kaya, a jera su da sababbin a ƙirga gaɓoɓi a gabanka.

Kayan aiki: soket 10, 12, 14 da 19, dogon hannun soket mai ƙarfi, abin zaro fuli, sifanar auna ƙarfin ɗauri, ma'aunin tazarar bawul, fitilar saita taimin, jak da ƙafafun tokare mota, reza ko abin kankare gasket, fenti ko alli, da kwali mai faɗi. Sifanar auna ɗauri ba ado ba ce a wannan aikin. In babu, a aro. Wanda bai taɓa yi ba ya ware kwana biyu. In lokacin hunturu ne, a yi a rufaffen wuri ko a tanadi tsumma mai tsabta na rufe inji, don ƙurar da ta sauka a kan kamshaf tana zama a cikin mai.

Kwancewa

Cire wayar batir ta baƙi. Juye ruwan lagireto da baƙin mai. Fitar da fanka da rumfarta, lagireto, da duk fambel. Altaneto da famfon sitiyari da kwamfuresar AC, in akwai, a kwance su daga mazauninsu a ɗaure a gefe ba tare da an cire bututunsu ba, sannan a cire ƙarafan da ke riƙe su, domin wasu notukansu a jikin murfin taimin suke. Cire fulogi huɗu don inji ya yi sauƙin juyawa, sannan murfin bawul.

Babban notin fulin karanshaf, mai kai 19, shi ake fara sassautawa kafin a saita komai, saboda inji yakan motsa wurin kokawa da shi. A mota mai giyar hannu, sa giya mafi girma, wani ya taka birki da ƙarfi, kai kuma ka ja da dogon hannu. Wasu suna tokare hannun soket a kan shasi ta ɓangaren direba su ɗan taɓa sitata. Yana yi, amma in soket ya zame ba ya zaɓen abin da zai fasa, kuma dole a cire wayar kwayil tukuna. A bar wannan ya zama dabarar ƙarshe. In notin ya saki, a mayar da shi sama-sama don a ci gaba da juya inji da shi.

Yanzu a kawo fistin na ɗaya, na gaba, ƙololuwar sama a bugun matsi. Juya karanshaf irin juyin agogo har tsagar da ke gefen fuli ta zo daidai da sifili a ma'aunin da ke jikin famfon mai. Taɓa roka biyu na silinda ta ɗaya, wato ƙarafan da ke danna bawul. In duka biyun suna wasa a hannu, na silinda ta huɗu kuma sun matse, ka samu. In akasin haka ne, ƙara zagaye ɗaya cikakke. A wannan matsayi ɗigon da ke kan giyar kamshaf yana sama. Buɗe hular dilko, mai raba wuta ga fulogi, ka ga rota tana nuna wayar fulogi na ɗaya. Yi alama da fenti inda take nunawa, da kuma inda jikin dilko yake zaune a kan top, sannan ka zare shi. A injin kafireto, cire famfon fetur da ke jikin top.

Cire robar rabin wata ta gaba don soket ya samu hanya, ka kwance notin giyar kamshaf tun sarƙa tana ɗaure, mota tana cikin giya. Giyar da ke juya dilko za ta fito, tare da ɗan faifan da ke tura famfon fetur in na kafireto ne. Jera su yadda suka fito. Daga nan kada a sake juya karanshaf ko kamshaf.

Ga abin da ke fasa wa mutane murfi: a gaban top, ƙarƙashin giyar kamshaf, akwai noti ɗaya mai kai 12 da ke sauka daga sama ya shiga murfin taimin. Kullum a nutse yake cikin ɗan tafkin baƙin mai, ba a ganinsa. Tsotse man da tsumma ka cire shi. Duk wanda ya manta da shi ya sa ƙarfe yana ɓamɓarar murfi, sai ya sayi wani.

Littafin Toyota ya ce a sauke top da kaskon mai na ƙasa, wanda ake kira botom filet. Maganar top tana da sassauci. In inji ba ya zafi, ba ya shan ruwa ta silinda, kuma matsinsa lafiya, ana iya barinsa, bisa sharaɗin a kula da leɓen gasket ɗinsa da ya leƙo a kan murfin taimin. Kasko kuwa, in damfa ta karye, babu zancen barinsa. Gutsattsarin robar suna can ƙasa, kuma su ne ke toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai ta ciki. Sabuwar sarƙa a injin da mai ba ya hawa asarar kuɗi ce. A wasu masu jan ƙafa huɗu sai an ɗan sauke difiranshal na gaba kafin kaskon ya fita. Wanke shi da kananzir, cire rariyar ita ma ka wanke, ka jera gutsattsarin ka ga ko sun kusa haɗa damfa guda.

Cire babban notin, zaro fuli da abin zarowa, ba da guduma ba. Cire famfon ruwa da famfon mai, da ɗan bututun ƙarfe mai haƙora da ke kan karanshaf yana juya famfon man. Notukan murfin taimin tsawonsu ya bambanta, don haka zana siffar murfin a kwali, ka huda, ka soka kowane noti a gurbinsa. Leƙa bayan murfin ma, akwai bututun ruwa da ake ɗaurewa ta baya. In komai ya fita, buga murfin a hankali da gudumar roba ya saki ƙusoshi biyu da ke saita shi, ka jawo shi gaba a miƙe. Sai a fitar da giyar kamshaf da sarƙa, tenshina, damfa biyu, da giyar karanshaf.

Duba murfin da kyau

Ɗan gurzawa sama-sama ba komai. In sarƙa ta haƙa rami mai zurfi a bayan mazaunin famfon ruwa, canza murfin ko da bai huje ba, domin bangon da ya rage zai iya tsagewa da zafi. Cike ramin da gam mai taurin ƙarfe ba ya daɗewa a wurin da ruwan zafi ke gefe ɗaya, mai ke ɗaya gefen. In za a sayi na Beljiyam, a duba wannan wurin kafin a biya, don yawancinsu ciwon ɗaya ne.

Wanda yake son ya san iya miƙewar tsohuwar sarƙa, ya ja ta sosai ya auna gaɓa 17: iyakarta milimita 147.0. Duba wuyan fuli inda sil ke gogawa. In farce yana maƙalewa a cikin layin da ya ci, sabon sil zai yi yoyo, sai an sa masa hannun riga na ƙarfe ko an canza fuli. Kankare tsohon gasket daga gangar inji da murfi, amma kada reza ta taɓa leɓen gasket ɗin top. Goge ko'ina ya bushe, babu maiƙo.

Ɗaura sarƙa

Ɗaura damfa biyu a Nm 22, tenshina a Nm 19 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar auna ɗauri). Kada a wuce haka a tenshina: ɗaurin da ya yi yawa yana murɗe jikinta, sandar ta maƙale, sarƙa ta dawo tana ƙara tun a makon farko. Matsa kanta da yatsa bayan ɗauri ka tabbatar tana shiga tana fita sumul, ka ɗiga mata mai.

Makullin da ke kan karanshaf ya kasance yana kallon sama. Zura sabuwar giyar karanshaf a kansa, ɗigonta yana waje, zai faɗo a ƙasa. Sarƙar tana da gaɓoɓi masu haske ko launi dabam. Guda ɗaya tana hawa daidai kan ɗigon giyar karanshaf. A sama, in gaɓa mai haske ɗaya ce, ta hau kan ɗigon giyar kamshaf. In biyu ne a jere, ɗigon ya zauna a tsakaninsu. In sarƙar ta zo babu alama, shimfiɗa ta a ƙasa ka ja ta ta zama layi biyu manne, ka shafa fenti a gaɓar da ke kowane ƙarshe.

Da yake top yana nan, saukar da sarƙa ta sama, ɗora ta a giyar ƙasa, sa giyar kamshaf a cikinta, ka matse tenshina da hannu ɗaya ka ɗaga giyar ta hau kan kamshaf. Ƙusar da ke bakin kamshaf, wadda ke sama, ita za ta shiga ramin giyar. In ta kauce kaɗan, motsa kamshaf ɗin ɗan ƙanƙani har ta faɗa, ba a tilasta ta da noti. Gefen direba ya zama a miƙe tsaf, duk sakin ya taru a gefen tenshina. In sakin yana gefen direba, da inji ya juya taimin zai koma baya. Mayar da faifan famfon fetur da giyar dilko, ɗaure notin a Nm 79. Sake duba alamomin biyu kafin a rufe, domin bayan murfi ya hau ba a ƙara ganin ta ƙasa. Zura bututun mai haƙora na famfon mai a kan makulli.

Rufewa

Manna gasket biyu a gangar inji da ɗan gam siriri. Sa ɗigon gam a kusurwoyi biyu na sama inda ganga, top da murfi suka haɗu, da kuma shafe kaɗan a ƙarƙashin leɓen gasket ɗin top. Nan ne yoyo yake fitowa in an yi ganganci. Shigar da murfin yana ɗan sunkuye ƙasa, sannan ka ɗaga shi ya hau ƙusoshinsa, don kada bakinsa ya naɗe leɓen. Rashin kasko a ƙasa shi ke ba da wannan sarari, wani dalilin ke nan na cire shi. Kama dukkan notuka da hannu, har da ɓoyayyen nan na sama, kafin a ɗaure ko ɗaya. Masu kai 12 suna ɗaukar Nm 13, manya masu kai 14 kuma Nm 39.

Buga sabon sil a famfon mai ya zauna daidai, shafa masa mai a leɓe. Cika tsakanin giyoyin famfon da man basilin don ya kama zuƙa nan take, sa sabon zoben roba a raminsa. Notin famfon na can sama yana ratsawa zuwa ciki, don haka a shafa wa zarensa gam, kuma lallai ya zama nasa na asali: in aka sa wanda ya fi shi tsawo zai tokare tenshina. Kwalin nan ya yi ranarsa a nan. Sai famfon ruwa da sabon gasket, sannan fuli, babban noti a Nm 157.

Mayar da rariya. Zagaya bakin kasko da gam layi ɗaya mara yankewa, ta cikin ramukan notuka, ka ƙara kaɗan inda murfin taimin ya haɗu da ganga, ka ɗora shi cikin 'yan mintuna kafin gam ya yi fata. Notukansa Nm 13. Gam mai yawa ba ƙarin tsaro ba ne. Abin da ya matso ciki yakan ɓalle ya tafi rariya. A ba shi sa'o'i ya kama kafin a zuba mai, kwana ɗaya ya fi.

Fitar da mota daga giya, juya inji da hannu zagaye biyu cikakku. In ka ji ya tokare, tsaya, kada ka ƙara ƙarfi, bawul ne ya gamu da fistin. In ya zagaya lafiya, tsagar fuli ta dawo sifili, ɗigon giyar kamshaf ya dawo sama. Gaɓoɓi masu haske ba za su dawo kan ɗigo ba bayan zagaye biyu, kuma wannan ba kuskure ba ne, sai bayan zagaye masu yawa suke sake haɗuwa.

Giyar dilko a karkace haƙoranta suke, shi ya sa rota ke juyawa yayin da yake shiga. Fara zura shi rota tana kallon sama, za ta gangara ta tsaya a kan alamar fentinka. In ta tsaya gaba ko bayan alamar, zaro ka matsa haƙori ɗaya. Jerin wuta 1-3-4-2 ne. Zuba ɗan mai a kan sarƙa da kamshaf, sa robobin rabin wata da ɗan gam, rufe murfin bawul, mayar da sauran kaya, sabuwar filta, mai da ruwa.

Tayarwa da saiti

Kafin a sa fulogi, cire wayar kwayil ka juya inji da sitata na daƙiƙa goma-goma har fitilar mai ta mutu. Sannan a haɗa komai a tayar. In ya ƙi tashi yana harbi ta kafireto ko ta salansa, galibi dilko ne ya shiga a bugun da ba nasa ba ko haƙori ya kauce. In ya tashi amma ba ƙarfi, kuma juya dilko har ƙarshen raminsa bai kawo taimin daidai ba, koma ka duba dilko tukuna, sannan ɗigon kamshaf.

Bar shi ya yi zafi murfin lagireto a buɗe har iska ta fita, ka cika ruwa. Saita wuta da fitila. A 22R-E ana haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 a akwatin gwaji da 'yar waya, a saita digiri 5 kafin ƙololuwa. Na kafireto ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a bi takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, bututun iskar dilko a cire a toshe.

Tun inji yana da zafi a saita bawul: na shiga milimita 0.20, na fita 0.30. Fistin na ɗaya yana sama a bugun matsi, saita na shiga a silinda 1 da 2, na fita a 1 da 3. Juya zagaye ɗaya, saita na shiga a 3 da 4, na fita a 2 da 4.

In ruwa ya riga ya shiga mai kafin aikin, man farko na wanki ne: bar inji ya yi aiki kamar rabin sa'a, juye shi da zafinsa, canza filta, zuba sabo, ka sake dubawa bayan 'yan kwanaki. Filtar kuma a sayi mai bawul ɗin hana mai komawa ƙasa in an kashe inji, domin wadda ba ta da shi tana barin tenshina babu mai kowace safiya, ƙarar nan ta dawo ko da sarƙa sabuwa ce. A makon farko a riƙa leƙa kusurwoyin sama na murfin taimin, ƙarƙashin fuli, da gaban kasko. Ɗan danshi a kusurwa yakan tsaya in an ƙara ɗaure ɓoyayyen notin zuwa ƙa'idarsa. Mai da ke fantsama daga bayan fuli kuwa sil ne, ana canza shi ba tare da an sake buɗe murfi ba.